In an sallamo tsohuwa daga asibiti, ga yadda za a riƙe ta a gida kar a sake komawa

Ranar da aka sallamo Mma daga asibiti gidanmu a Aboabo kaman ranar suna, mata sun cika tsakar gida, masu barka da arziki na shiga na fita, wannan ta kawo tuwo waccan ta kawo koko, kowa na cewa Alhamdulillahi jiki yayi sauƙi. Kwana goma sha ɗaya tsakani muka sake ɗaukanta da tsakar dare, ƙafafu sun kumbura, numfashi na fita da ƙyar, ba ta iya kwanciya sai dai a zaune. Kuma wallahi ba wai ba a kula da ita bane, mu bakwai ne 'ya'yanta a cikin Kumasin nan, ga jikoki ga matan 'ya'ya. Abin da ya faru shine kowa na kula amma ba wanda ya riƙe. Ni ina zaton ƙanwata ta bada maganin safe, ita tana zaton matar Yaya ta bayar, ashe maganin da ke fitar mata da ruwa ya ƙare tun kwana huɗu ba wanda ya lura, tunda ledar magani a cike take da wasu. Shekarunta 76, ga hawan jini ga suga ga zuciya da ta yi rauni. Bayan wannan komawar ne muka zauna muka canza tsari, shi nake so in baku, ko Allah zai sa wani gidan ya huta da irin daren da muka gani.

Sallama dai ba warkewa bace. In likita ya ce ku tafi gida, nufinsa jiki ya kai inda za a iya ci gaba da jinya a gida, gadon ma akwai mai jiransa. Tsoho in yayi sati ɗaya ko biyu a kwance ƙarfin ƙafarsa ya ragu sosai, barcinsa ya rikice, cin abinci ya ja baya, an canza mishi magunguna, shi ya sa watan farko a gida ya fi kowane lokaci haɗari. Ko a Amurka da suke da kayan aiki, wani bincike da aka fitar a 2009 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu inshorar Medicare, waɗanda yawancinsu tsofaffi ne, suna komawa gadon asibiti kafin su cika kwana 30 da sallama. To ina ga mu da bayan gida ma a wasu gidajen sai an fita waje.

Tun tana kan gado, kafin ma a fara maganar sallama, ku zaɓi mutum ɗaya. Ba dole sai babba ba, ba dole sai mai kuɗi ba, wanda dai ke kwana kusa da ita, ya iya karatu ko da kaɗan ne, kuma ba ya jin nauyin yin tambaya. Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, gaskiya ne a wanki da girki da kwanan jinya, amma a wajen magani hannu da yawa shi ke kawo ɓarna. Wannan mutum ɗayan ku saya mishi littafi irin na 'yan makaranta da biro, komi ya shiga ciki: sunan ciwo, sunan magani, lokacin sha, awon jini, ranar komawa, abin da ta ci, ko ta yi bayan gida ko ba ta yi ba. In zai fita kasuwa ko aiki, ya miƙa littafin hannu da hannu ga wanda zai tsaya, ba a faɗa da baki a wuce ba. A gidanmu littafin na kan taga kusa da gadon Mma, wanda ya bada magani sai ya ja layi ya rubuta lokaci, in ba layi to ba a bayar ba, magana ta ƙare.

Ranar sallama kowa hankalinsa na kan biyan kuɗi da neman mota, a nan ake asarar abu mafi tsada. Ku je da safe lokacin da likitoci ke zagaye, mai littafin ya tsaya ya tambaya a natse. Menene ainihin sunan ciwon, a rubuta mana. Cikin magungunan nan wanne ne sabo, wanne aka tsayar, wanne aka canza yawansa. Akwai gwajin da sakamakonsa bai fito ba, yaushe za mu karɓa. Ruwa nawa za ta sha a rana. Me za mu gani mu dawo da gudu ba sai ranar da aka bamu ba. In akwai rauni ko ɗinki, wa zai wanke, kwana nawa nawa, yaushe za a cire zaren. Tsofaffinmu in likita na magana da Turanci ko Twi sai su riƙa gyaɗa kai suna cewa yoo, yoo, don kunya da girmamawa, alhali rabin maganar ta wuce su. Dabarar da ta yi mun aiki ita ce in nas ta gama bayani sai in maimaita mata da bakina, in ce kin ce wannan fari ɗaya da safe, wannan rabi da dare, haka ne? Sau biyu tana gyara mun kuskure a tsaye a wurin. Sannan in juya in faɗa wa Mma da Hausa, don jikinta ne, ya kamata ta san me ake ba ta da dalilinsa. Takardar sallama kuma ku ɗauki hotonta a waya ku tura a guruf ɗin gida na WhatsApp, takarda na ɓata, na jiƙewa.

Maganar magani zan ɗan jima a kai domin nan ne aka fi faɗuwa. Kafin ta iso gida, ku tattara duk wani magani da ke ɗakinta, na ƙarƙashin filo, na cikin kwanon sha, na cikin jakar Makka, wanda ɗanta ya aiko daga waje, wanda maƙwabciya ta ba ta don ita ma irin ciwonta ne, ku zuba a leda ɗaya ku kai wa mai bada magani a asibiti tare da sabbin. Ya ware muku na sha da na ajiyewa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, magani ɗaya na iya zuwa da suna biyu da kala biyu saboda kamfani daban daban. Lasix da furosemide abu ɗaya ne. Amlodipine na wannan kamfani da na wancan kwalinsu bai yi kama ba amma aikinsu ɗaya, tsohuwa in ta haɗa tsohon kwali da sabo ta sha ninki biyu kenan, jini ya faɗi, jiri ya kwashe ta a banɗaki. Ku duba ƙaramin sunan da ke ƙarƙashin babban, shi ne sunan gaskiya.

Lokacin sha kuma mun ɗaura shi da sallah, domin agogo ana mantawa amma kiran sallah a zango ba ya wuce kowa. Bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i, haka muka rubuta a jikin kowane kwali da babban rubutu. Amma ku tambayi mai bada magani ya amince da tsarin tukuna, don akwai wanda sai da abinci, akwai wanda dole a bar tazara daidai tsakani, irin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganin fitar da ruwa da safe ake sha, in aka bayar da dare tsohuwa za ta kwana tana tashi fitsari cikin duhu, a nan ake faɗuwa a karya ƙugu. Kuma dan Allah, maganin hawan jini ba a dainawa don an ji sauƙi. Sauƙin da ake ji maganin ne ya kawo shi. Nawa muka gani a unguwa, an ce jini ya sauka an ajiye magani, bayan wata biyu sai labarin shanyewar ɓarin jiki. Duk ranar Juma'a mai littafi ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in saura na sati ɗaya a fara neman sabo, kar a jira kwali ya zama fanko.

Sai maganin ciwon jiki. Tsoho kullum gwiwa, kullum baya, abu mai sauƙi ne a aiki yaro kemis ya sayo diclofenac ko ibuprofen, ko a saya wurin masu talla a tasha. Waɗannan ga mai ciwon zuciya, ƙoda, hawan jini ko gyambon ciki haɗari ne babba, suna riƙe ruwa a jiki, suna taɓa ƙoda, suna sa ciki zubar jini, musamman in tana shan maganin tsinka jini irin aspirin ko warfarin. Ku tambayi likita tun a asibiti, in ciwon jiki ya taso me za mu ba ta, a rubuta a littafi.

Na san wani zai ce to maganin gargajiya fa. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, mu ma kullum cikinsu muke. Amma jiƙe-jiƙen saiwa da waɗannan kwalaben masu ɗaci da ake cewa suna wanke jini suna maganin cuta arba'in, ba ku san me ke ciki ba, ba ku san yadda za su haɗu da maganin asibiti ba, kuma ƙodar tsoho ba ta da ƙarfin ɗaukan gwaji. Zuma ma da muke ƙauna, ga mai suga zaƙi ce. In har tana shan wani abu, ku faɗa wa likita gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wahalar a nan ba tsohuwar bace, baƙi ne, Goggo za ta zo da ƙulli a bakin zane ta ce wannan shi ya tada wance. Ba a yi wa babba musu a gaban mutane, sai ku karɓa da hannu biyu ku ce an gode Goggo, Allah ya saka da alheri, za mu nuna wa likita tukuna, ku ajiye nesa da ɗakin.

Katin inshora ku duba shi yau. Tsarin inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, wato NHIS, tun 2003 aka kafa shi, kuma wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan cikakken kuɗin shekara, sai ɗan abin sabuntawa, ana iya yi ta waya da *929# a biya da momo, wato kuɗin waya. Kar ku bari sai kun tsaya a layi sannan a ce muku katin ya mutu. Ba kowane magani ko gwaji inshorar ke ɗauka ba, saboda haka 'yan'uwa su yi magana a fili kan wa zai kawo nawa a wata, na waje da na gida, a sa kuɗin a hannun mutum ɗaya. In wani magani ya fi ƙarfinku ku faɗa wa likita ba kunya, sau da yawa akwai makamancinsa mai sauƙin kuɗi, ya fi ku riƙa raba ƙwaya biyu a ɓoye don ta kai ƙarshen wata.

Ɗaki kuma a gyara shi kafin ta iso. Gidajenmu na haya kun san yadda suke, dakali a bakin ƙofa, kwata a tsakar gida, banɗaki ɗaya na mutum ashirin da gansakuka a ƙasa. Katifa a ƙasa tana da wuyar tashi ga mai raunin ƙafa, in da hali a samu gado wanda in ta zauna tafin ƙafarta na taɓa ƙasa. A ɗauke tabarmar da bakinta ya nannaɗe, da ledar ɗaki da ta yage, da wayar caji da ke ratsa hanya. Kujerar roba ɗaya a banɗaki ta zauna a kai tayi wanka, wani ya tsaya a bakin ƙofa. Da dare kar ta fita, a ajiye mata fo ko kujera mai rami da bokiti a ƙasa, kafinta ma zai iya yi muku. Tocila a gefen filo kullum saboda dumso, wato ɗaukewar wuta. Silifas ɗin da ƙasansa ya sheƙe a jefar. In za ta tashi daga kwance ta fara zama a bakin gado tayi kamar minti ɗaya ko biyu, sannan ta miƙe, don jinin tsofaffi kan faɗi in sun tashi farat ɗaya. Gidan sauro a ɗaura, zazzaɓin cizon sauro a kan jikin da bai gama dawowa ba ya isa ya maida ta asibiti. Mai ciwon ƙirji kuma a nisantar da ita daga hayaƙin gawayi da maganin sauro na ƙonawa da turaren wuta a rufaffen ɗaki.

Amma kar tsoron faɗuwa ya sa ku kwantar da ita wuni guda. Wannan ma kuskure ne da ƙauna ke jawowa, a ce Mma kwanta ki huta, a kawo mata komi har ruwan alwala. Ƙafar da ba ta taka ƙasa kullum ƙara mutuwa take. In likita bai hana ba, ta taka daga ɗaki zuwa bakin zaure ta dawo, sau biyu sau uku a rana, wani na gefenta, gobe a ƙara kaɗan.

Abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a rana kar ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, duka abincin wuni fa, ba tukunya ɗaya ba. Mu kuwa gishirinmu a ɓoye yake, Maggi uku huɗu a miya, kifin gishiri irin koobi, momoni da kako, yajin shito, kanwa, kifin gwangwani, taliyar yara da sinadarinta. Ga mai ciwon zuciya ko hawan jini waɗannan su ke tara ruwan da ake shan magani a fitar. Ba sai an ɗora tukunya biyu ba, a yi miyar gida, kafin a sa gishiri da Maggi a ɗebi nata a ƙaramar tukunya, a gyara da daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa da daddawa mai kyau ba ta rasa daɗi. Satin farko za ta yi ƙorafi, Mma har cewa tayi mun maida ta jaririya, a hankali harshe ya saba. Ku lura kuma kar garin hana wannan hana wancan ku bar ta da yunwa, tsoho da ya fito asibiti na bukatar abin gina jiki, ƙwai, wake, kifi ɗanye da aka dafa, nama mai laushi, sai dai in likitan ƙoda ya ƙayyade. Kaɗan kaɗan sau biyar ya fi tulin tuwo sau biyu. Ganye da gwanda da lemu na taimakawa bayan gida ya sauka, in ta kwana uku ba ta yi ba ku yi magana. Ruwa kuma wani ana so ya sha da yawa, wani an ƙayyade mishi, shi ya sa na ce ku tambaya. Ledar fiya wota ɗaya rabin lita ce, da ita muke ƙirgawa, leda nawa aka ce leda nawa ta sha.

Mai ciwon zuciya, ku sayi sikeli na tsayawa, da shi da injin awon hawan jini sun fi kwalin Malta goma da ake kawowa dubiya. Kullum da safe bayan ta yi fitsari kafin ta karya, ta hau, a rubuta. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ba ƙiba bace, ruwa ne ke taruwa, ku nemi likita a ranar. Haka in zobe ko takalmi ya fara matse ta, ko filo ɗaya da take kwana da shi ya koma uku, ko tana farkawa da dare tana neman iska. Da mun san wannan a karon farko, da mun gane tun da wuri.

Mai suga kuma abin da ya fi saurin kisa a gida shine sugan jininsa ya faɗi ƙasa. Tsohuwa ba ta jin cin abinci, ta taɓa koko cokali biyu ta ture, amma an ba ta glibenclamide ko an yi mata allurar insulin kaman kullum. Sai gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, magana ba kan gado, ko barci mai nauyi. In kuna da abin awo kuka ga ƙasa da 3.9 mmol/L, ko ba ku da shi amma alamun sun nuna, in tana iya haɗiya ku dama babban cokali ɗaya na sukari a ruwa ta sha, ko rabin kofin lemon kwalba, bayan minti 15 a sake dubawa, sannan ta ci abinci. In ta suma kar a ɗura mata komi a baki, zai tafi huhu, a kwantar da ita a gefe a nufi asibiti. Ranar da ba ta cin abinci ko tana amai, ku tambaya kafin ku bada maganin suga. Insulin a firij ake ajiyewa amma ba wajen ƙanƙara ba, in wuta ta ɗauke ta daɗe a sa kwalbar a leda a ɗaure a ajiye wuri mai sanyi kusa da randa, kar rana ta taɓa ta. Ƙafafunta kuma a duba kullum har tsakanin yatsu, don mai suga na iya taka ƙusa bai ji ba.

In shanyewar ɓarin jiki ce ko dai ba ta iya juya kanta, aikin ya ninka. Duk awa biyu a juya ta, dama, baya, hagu, dare da rana, a sa filo tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin sha raɓa yadda diddige ba zai dannu ba. Lokacin wanka a duba ƙugu da gindin baya da diddige da kafaɗa, in fata ta yi duhu ko ja ko ta yi zafi kuma bai washe ba bayan an ɗauke nauyi, gyambon kwanciya ne ke farawa, a nuna wa ma'aikacin lafiya tun bai buɗe ba. Famfas da zanin gado kar su kwana a jiƙe. Abinci a zaune sosai ake ba ta, ba a kishingiɗe ba, kaɗan kaɗan, bayan ta gama ta ƙara rabin awa a zaune. In tana tari ko sarƙewa duk sanda ta sha ruwa, ko murya ta koma kaman akwai ruwa a maƙogwaro, ku tsaya ku faɗa wa likita, abinci ne ke bin hanyar numfashi, shi ke kawo ciwon huhu. Kar a ja ta ta hannun da ya mutu, kafaɗar na iya gocewa. In an saka mata robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mara koyaushe, kar robar ta lanƙwashe, kuma a rubuta ranar canzawa. Manyan asibitoci irin Komfo Anokye da muke ce wa Gee suna da sashen masu motsa gaɓoɓi, ku nemi a tura ku, ku roƙe su su koya wa mai jinya abin da zai riƙa yi a gida, watannin farko su ne jiki ya fi karɓa.

Wani abu da ke damuna a unguwanninmu, tsohuwa da jiya lafiya lau take hira, yau ta tashi ba ta gane jikanta, tana kiran waɗanda suka rasu, tana fizge zane, sai a ce tsufa ne ko iska ce ta taɓa ta. Ruɗewar da ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya biyu yawanci jiki ne ke faɗin akwai matsala, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, suga, ko wani magani da bai karɓe ta ba, kuma tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. A yi addu'a a mota ana tafiya asibiti.

Masu dubiya lada suke nema kuma tana jin daɗinsu, kar a kore su, a tsara su. Mu mun ce bayan la'asar zuwa magariba, mutum biyu uku a lokaci guda, mai mura ko tari ya gaishe ta daga bakin ƙofa. Buta da sabulu a bakin ɗaki. Bayan sati biyu in an daina zuwa kuma, a nan ne kaɗaici ke shiga, sai ku ga ta yi shiru, ba ci ba hira, tana cewa na zame muku nauyi. Ku fito da ita tsakar gida, a ba ta ɗan aikin hannu ko tsinkar ganye ne, a nemi shawararta a kan bikin da ke tafe, jikoki su yi mata karatun makaranta. In shirun ya daɗe a faɗa wa likita, shi ma ciwo ne mai magani. Sallah kuma addini ya sauƙaƙa, a zaune ko a kwance, taimama in ruwa zai cutar, kar ta dage sai ta tsuguna alwala a wuri mai santsi. In azumi ya zo ku haɗa likita da malamin da take jin maganarsa, don ku 'ya'ya in kun ce kar ta yi ba za ta ji ba, amma in malam ya yi mata bayanin rangwamen mara lafiya da ciyarwa hankalinta zai kwanta.

Akwai abubuwan da ba a jiran gari ya waye. Baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe. Ciwon ƙirji mai danna mutum. Numfashi na wuya ko a zaune. Aman jini ko baƙin kashi kaman kwalta. Suma ko farfaɗiya. Faɗuwa da buga kai, musamman mai shan maganin tsinka jini. Fitsari ya ɗauke wuni guda. Rauni ya fara wari ko fitar da mugunya. Lambar gaggawa a Ghana 112 ce, amma kun san lungunanmu na Aboabo da Sawaba da Asawase ba ko'ina mota ke shiga ba, saboda haka tun da rana ku san ta ina za a fito da ita, su waye samari biyu da za a tasa, kuma ku riƙe lambar direban tasi ɗaya ko mai pragiya, keken nan mai ƙafa uku, na unguwa da ya yarda a kira shi ko ƙarfe biyun dare. Jaka ɗaya a rataye a bayan ƙofa da katin asibiti, katin inshora, Ghana Card, takardar sallama, zani biyu, da wani abu a momo da ba a taɓawa.

Mai jinyar ma a duba ta, yawanci mace ɗaya ce ake bar wa komi, ga 'ya'yanta ga sana'arta, wata uku ba barcin kirki. A raba kwanan dare, maza ma su karɓa, wanda ba zai iya kwana ba ya ɗauki kuɗin magani ko kai wa asibiti. In ta gaji ita ce za ta fara mance layi a littafi.

Ranar komawa ganin likita kar a ɗaga ta ko da jiki yayi kyau, ko da ta faɗo ranar suna ko addu'ar wani, kuma in ranar da aka baku ta yi nisa alhali kuna ganin canji, ku je asibitin da ke kusa da ku a duba ta kafin nan. In an rubuta gwajin jini ku yi shi kwana ɗaya biyu kafin ranar don sakamako ya riga ku shiga. Ku fita da sassafe, ku tafi da abin karyawa da maganin safe saboda layi na iya kaiwa azahar, mai suga ba ta zama da yunwa. Ledar magani gaba ɗaya ta bi ku, da littafin, da tambayoyi uku da kuka rubuta tun daren jiya, don in an shiga gaban likita kai kan ɗauke. Mai littafin shi zai shiga da ita, ba wanda ya samu sarari ranar ba. Kafin ku tashi daga kujera ku sa a faɗa muku me aka canza yau, ku soke tsohon a littafi da biro a gabansa, ku rubuta ranar dawowa ta gaba a saman sabon shafi.